Wasiƙa zuwa ga Habibu a kan shirin Nashville

Zuwa ga aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin can? Mu nan sai godiya. Na isar wa Inna da gaisuwarka, tana amsawa, ta ce wai ko ka manta hanyar gida ne.

Ba wani babban abu ya sa na rubuto ba. Wani shiri mai dogon zango na fara kallo, na duba duk cikin abokai ban ga wanda zan yi hirarsa da shi ba sai kai, tunda kai ka koya mini sauraron Don Williams da Jim Reeves lokacin da sauran samari ke bin disko. Sunan shirin Nashville, wato sunan babban birnin jihar Tennessee ta Amurka, cibiyar waƙoƙin kantiri, wato kiɗan da ya samo asali daga karkarar Amurka. Ba sabo ba ne. Tashar ABC ce ta fara nuna shi a Oktoban 2012, ya yi zango shida aka rufe shi a 2018, ni dai sai yanzu ya faɗo hannuna, kuma ina farko-farkonsa.

Ga yadda aka ɗauko labarin. Akwai wata mawaƙiya, Rayna Jaymes, wadda ta daɗe tana jan zarenta, ana kiranta sarauniyar kantiri. Ta ba arba'in baya, sabon kundinta bai yi kasuwa ba, tikitin rangadin wasanta ya yi kwantai. Sai sabon shugaban kamfanin da ke fitar da waƙoƙinta ya kira ta ofis, ya ce za a haɗa rangadinta da na wata yarinya mai tashe, Juliette Barnes. A takarda su biyu ne jagororin wasa, amma ita ce za ta fara hawa dandamali, ta share wa yarinyar fage. In ta ƙi, kamfani ya janye hannunsa daga tallata kundinta. Mutumina, wannan zama na ofis shi ya kama ni. Ba wanda ya ɗaga murya, ba zagi. Mutumin lissafi kawai yake karanto mata cikin ladabi, ita kuma tana zaune tana jin an mayar da duk shekarun da ta yi tana tara wa kamfanin dukiya ba komai ba. Connie Britton, wadda ta fito a Rayna, da fuska kaɗai ta gama aikin.

Da farko na tsani Juliette. Ga rashin kunya, ga kwaɗayin abin hannun wani. Har an nuna ana gyara mata murya da na'ura a situdiyo, irin gyaran da ya cika waƙoƙinmu na fim har ka kasa bambance muryar wance da ta wance. Amma masu shirin ba su bar ta a muguwa kawai ba. Uwarta 'yar ƙwaya ce, tana bugo mata waya tana roƙon kuɗi, sai ka ga yarinyar da ta gama taka mutane ta shige lungu tana kuka. Kuma ta san abin da ake faɗa a bayanta, cewa kyau take sayarwa, ba waƙa ba. Shi ya sa ta ɗora ido a kan Deacon, makaɗin jitar Rayna kuma tsohon masoyinta. Ba hannunsa kawai take so ba, mutuncin da yake da shi a idon masu sana'ar take son ta raɓa.

Inda shirin ya fi yi mini daɗi kuwa ba wajen taurarin ba ne, wajen marubuta waƙa ne. Ka san mu mun saba da mawaƙin da shi ke tsara abinsa ya rera. A Nashville sana'a biyu ce. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su tashi da safe su tafi wata unguwa da ake kira Music Row, inda aka mayar da tsofaffin gidajen kwana ofisoshi, su zauna biyu-biyu ko uku-uku a ɗaki da jita, su fito da waƙa kafin la'asar. Kamfanin da ya ɗauke su yana ba su kafin alƙalami duk wata, wanda bashi ne, za a cire daga abin da waƙar ta kawo in Allah ya sa wani tauraro ya ɗauka. A lokacin da aka fara shirin, abin da doka ta yanka wa masu waƙa a kan kowane kwafi da aka sayar santi 9.1 ne na dalar Amurka, shi ma a raba tsakanin marubuta da kamfanin da ke riƙe musu haƙƙin mallaka. Wani abin mamaki kuma, idan gidan rediyo na gama-gari ya sa waƙa a Amurka, marubucin ake biya, wanda ya rera ba ya samun ko sisi daga wannan sakawar. Ka ga ke nan rigimar waye ya rubuta, waye ya mallaka, ba ƙaramar rigima ba ce. Dolly Parton ɗinka, mawaƙiyar kantirin nan da ke rubuta waƙoƙinta da kanta, ta gane haka tun da wuri. Elvis Presley ya so ya rera wata waƙarta, manajansa ya ce sai an sallama musu rabin haƙƙin mallakarta, ta ce a kai kasuwa. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, duniya ta ɗauka, kuɗin ya dawo wa mai shi.

A cikin shirin, wannan ɓangaren yana hannun wasu matasa biyu, Scarlett da Gunnar, da ke aiki a wani ɗan gidan cin abinci mai suna Bluebird. Ita tana kai wa baƙi abinci tana rubuta waƙoƙi a littafinta ba ta nuna wa kowa, shi kuma ya sa wa ɗaya daga ciki kiɗa. Daren da suka hau suka rera ta tare, wani tsohon mai shirya waƙa yana zaune a ciki, ya buga wa Rayna waya ya ɗaga wayar sama don ta ji. Sai da na mayar da wurin baya na sake kallo. Kuma Bluebird ɗin nan ba ƙirƙira ba ce. Yana nan a Nashville tun 1982, kujerunsa kamar 90 ne kacal, kuma ƙa'idarsa idan ana waƙa ba a surutu, kana buɗe baki za a ce ka yi shiru. A nan mawaƙi Garth Brooks ya samu kamfanin waƙa da ya ɗauke shi, a nan kuma wani jami'in kamfanin waƙa, Scott Borchetta, ya saurari Taylor Swift a 2004 tana 'yar shekara 14. Masu shirin sun gina kwafin ɗakin a wurin ɗaukarsu, amma garin da kake gani garin ne da gaske, har da dandamalin Grand Ole Opry, shirin rediyon da aka fara tun 1925 kuma har yau bai tsaya ba.

'Yan wasan da bakinsu suke rera waƙoƙin. Abin dariya, Scarlett ɗin nan mai maganar mutanen kudancin Amurka 'yar Ostareliya ce, Gunnar kuma ɗan Ingila.

Yanzu ga inda suka gundure ni. Mahaifin Rayna wani hamshaƙin attajiri ne da ke juya garin, ya tura mijinta, wanda ya karye a harkar filaye, takarar magajin gari don ya samu na juyawa. Duk sanda aka koma kan wannan sai in ji kamar an canza tasha. Siyasar ubangida da yaronsa ai ba sai Bature ya nuna mana ba. Ina jin tsoro suka yi kada labarin sana'ar waƙa shi kaɗai ya kasa riƙe masu kallo, alhali shi ne abin da ba a saba gani ba. Haka ma soyayyar, ta yi yawa, kowa na son na wani. Ga kwalba ba ta barin tebur, ga wasu wuraren da ba za ka kalla da yara a ɗaki ba, don haka ka bari sai sun yi barci.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na ɗaya, matsalar Rayna ba tsufa ba ce kawai, kasancewarta mace ma na ciki, kuma wadda ta ƙirƙiro shirin, Callie Khouri, ta san inda ta dosa. Ana tsakiyar nuna shirin, a 2015, wani mai ba gidajen rediyon kantiri shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce a rage sa waƙoƙin mata, wai a kwanon salak maza ne ganyen, mata tumatir ne na ado. An yi ta cece-ku-ce a kai. Idan gurbin mata ƙalilan ne, dole tsohuwa da yarinya su yi ta kokawa a kan guda, kamfani na gefe yana ƙirga riba. Na biyu, baƙar fata ba su da yawa a shirin, wanda na gani da muhimmanci ɗan siyasa ne, ba mawaƙi ba. Alhali banjo, abin kiɗan nan mai tsirkiya wadda amonta ke cikin jinin kantiri, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata. Ka dubi hoton ta farko-farkon ka dubi gurmi, ka gaya mini abin da ka gani.

Zan ci gaba da kallo, amma ina tsallake wuraren kamfe. In ka same shi a can, ka fara, sannan ka rubuto mini ko kai ma Juliette ta fara ba ka tausayi, don ina zargin kai ɓangaren Rayna za ka tsaya har ƙarshe, na san halinka da tsofaffin hannu.

Maganar littattafan da ka ce a aiko maka, na ba ƙaninka, ya ce sai wani mai tafiya ya samu. Ka gaishe mini da uwargida, ka shafa kan yara. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Nasiru