Wasiƙa Zuwa Ga Edita: A Riƙa Ba Mu Labarin Masu Ƙin Biya Wa Yaƙi Kuɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in taɓo wani gefe na labarin yaƙi da ba a cika tsayawa a kansa ba. Duk inda yaƙi ya ɓarke, za a kawo mana adadin waɗanda suka mutu, da irin makaman da aka harba, da jawaban shugabanni. Amma wanda ya biya kuɗin yaƙin, da wanda ya ce shi kam ba zai biya ba, sai a ba su layi biyu a can gindin shafi, galibi ma a ce 'yan sanda sun kama wasu masu zanga-zanga, shi ke nan. Alhali harsashi ba tsirowa yake a gona ba. Cibiyar binciken harkokin yaƙi da zaman lafiya ta SIPRI da ke birnin Stockholm ta ce a shekarar 2024 duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a harkar soja, Amurka kaɗai ta kashe biliyan 997. Kuɗin nan daga aljihun mai biyan haraji suka fito, ko kuma bashi ne da shi zai biya gobe. A ƙasa irin Amurka kuwa, tsarin mulki majalisa ya damƙa wa makullin baitulmali, sai 'yan majalisa sun ɗaga hannu ake sakin ko sisi.

Akwai mutanen da suka fahimci haka tun tuni, suka ce maimakon su tsaya suna ihu a bakin bariki, gara su je su tare ƙofar kuɗin. Tun a 1755 wasu mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker a Pennsylvania, ciki har da John Woolman, suka bayyana cewa ba za su biya harajin da aka ɗora don yaƙi ba. A watan Yulin 1846 aka kulle marubuci Henry David Thoreau a garin Concord na Amurka saboda ya ƙi biyan harajin kai, yana mai adawa da cinikin bayi da yaƙin da Amurka ke yi da Mexico. Kwana ɗaya rak ya yi, domin wani ya je ya biya masa ba da son ransa ba. Sai dai abin da ya rubuta a kan wannan daren ya bi duniya, har Gandhi da Martin Luther King suka karanta shi.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na zamanin yaƙin Vietnam, saboda talaka ma ya iya shiga. A 1966 gwamnatin Amurka ta mayar da harajin wayar tarho kashi 10 cikin ɗari, kuma ba a ɓoye ba cewa tsadar yaƙin ce ta jawo. Sai mutane suka samu dabara. Takardar kuɗin waya za ta zo a ƙarshen wata, mutum ya zauna da biro, ya ware abin da kamfani ke bin sa ya biya, ya cire 'yan kuɗin harajin, ya haɗa da 'yar wasiƙa yana cewa wannan ban biya ba, ga dalilina, ga sunana da adireshina. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amma fa sai hukumar haraji ta IRS ta bi kowane mutum ɗaya da takardu da ma'aikata kafin ta karɓo su, kuma dubban mutane ne suka yi hakan.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, kuma ba zan raina maganarsa ba. Idan kowa zai zaɓi harajin da ya ga dama, gobe wani zai ce shi ba ya biyan na makaranta tunda ba shi da ɗa, wani ya ce na asibiti ba da shi ba. Ƙasa ba ta tafiya haka. Kotuna ma abin da suka riƙe ke nan. A Amurka babu kotun da ta amince wa mutum ya hana harajin soja saboda imaninsa, kuma ƙudurin kafa asusu na musamman ga irin waɗannan mutane, wanda aka fara kai wa majalisa a 1972, har yau bai zama doka ba. A Birtaniya ma wasu mutum bakwai sun bi shari'ar har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, aka yi watsi da ƙararsu.

To amma a yi adalci. Mai kauce wa haraji ɓoye dukiyarsa yake yi, ya yi ƙarya a takarda, ya ci riba a ɓoye. Waɗannan kuwa su suke kai kansu. Suna cike takardar harajin daidai, su faɗi abin da ake bin su, su ce ba za su bayar ba, da yawansu kuma su miƙa kuɗin ga masu ciyar da mabuƙata don kada a ce rowa ce. Daga nan su zauna jiran hukunci. Randy Kehler da matarsa Betsy Corner, a garin Colrain na jihar Massachusetts, sun shafe shekaru sama da goma suna haka, har a 1989 gwamnati ta ƙwace gidan da suke ciki. Mutumin da ya yarda ya rasa gidansa a kan magana, ko ba ka yarda da shi ba, ya kamata ka ji me yake faɗa. Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham ta Amurka a 1963 cewa mai karya dokar zalunci ya karya ta a fili, kuma ya shirya ɗaukar hukuncinta. A ganina wannan sharaɗin ne ya raba su da ɓata-gari, kuma shi ne amsar mai tsoron kowa zai yi gaban kansa: tsadar abin ta isa ta tace masu yin sa da wasa.

Ko yana aiki? Idan ana nufin hana yaƙi kuɗi kai-tsaye, a'a. Gwamnati kan karɓe kuɗinta daga albashi ko asusun banki, har da tara da kuɗin ruwa a kai. A farkon 2007, bayan 'yan jam'iyyar Democrat sun karɓe majalisar Amurka a zaɓen da adawa da yaƙin Iraƙi ta yi tasiri a cikinsa, masu fafutuka sun riƙa shiga ofisoshin 'yan majalisa. Su zauna a ƙasa, su yi ta karanto sunayen sojojin Amurka da 'yan Iraƙin da suka mutu ɗaya bayan ɗaya, lokacin tashi ya yi su ƙi fita, 'yan sanda su zo su sa musu ankwa ba tare da wani ya yi turjiya ba. Duk da haka, a watan Mayun shekarar majalisa ta amince da ƙarin kusan dala biliyan 100 na yaƙe-yaƙen. Amma a 1973 wannan majalisar ce ta kafa dokar Case-Church, wadda ta hana kashe kuɗi a kan duk wani farmakin sojan Amurka a Vietnam da Laos da Kambodiya daga 15 ga Agusta. Ba masu ƙin biyan harajin waya ne kaɗai suka jawo hakan ba, asarar rayuka da gajiyar jama'a sun fi su nauyi. Sai dai ɗan majalisa ba ya samun ƙarfin halin rufe jaka sai ya ga akwai mutane a bayansa da suka riga shi biyan farashi.

Inda nake ja da baya shi ne wajen masu ɗaukar guduma. A 1980 wasu mutum takwas, ciki har da wasu 'yan'uwa biyu masu adawa da yaƙi, Daniel da Philip Berrigan, sun shiga masana'antar General Electric a Pennsylvania suka bubbuge kawunan makamai masu linzami. A 1996 wasu mata a Ingila sun lalata jirgin yaƙi samfurin Hawk da za a sayar wa Indonesiya, lokacin da take danne Timor ta Gabas, kuma masu taya alƙali yanke hukunci a Liverpool suka wanke su. Ba su taɓa lafiyar kowa ba, sun kuma tsaya an kama su. Duk da haka ina ganin da zarar an fara fasa kaya, hankalin jama'a yakan bar batun yaƙin ya koma kan fashe-fashen.

Roƙona, Malam Edita, idan an sake kama irin waɗannan mutane, a faɗa mana wane kasafi suke adawa da shi, nawa ne, wane yaƙi za a yi da shi, kuma su wane ne suka kaɗa ƙuri'ar amincewa.

Na gode,
Wani mai karanta jaridarku