Anti, in sake zana SAT ko in haƙura kamar yadda Yayana ya ce?

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari da mu? Allah ya saka da alheri.

Ni dai ban san ta inda zan fara ba, don har yanzu zuciyata ba ta sauka ba. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki sakamakon jarrabawata ya watsa a zauren WhatsApp na dangi, ya bi shi da dogon saƙon murya. Wai shi ya gama nasa, ba zai ƙara zuba ko sisi a kan SAT ba, wai mai ci tun karon farko ake gane shi. Umma ce ke riƙe da wayar, ina tsaye a bayanta. Saƙon bai kai rabi ba ta kashe, ta kife wayar a cinyarta, ba ta ce uffan ba. Wallahi shirun nan nata ya fi min maganarsa ciwo.

Bari in ɗan yi miki bayani, don ba kowa ya san jarrabawar ba. Hukumar College Board ce ke shirya ta, jami'o'in Amurka kuma su duba ta wajen ɗaukar ɗalibai. Ɓangare biyu ce, Turanci da lissafi, kowanne ana ba da maki daga 200 zuwa 800, jimla 1600. Babu wani maki da aka yanke aka ce daga nan an faɗi. Babu, Anti. Amma shi yana ta gaya wa mutane na faɗi. Na samu 1310, wato 720 a lissafi, 590 a Turanci. Don Allah wa ya faɗi da 720 a lissafi? Kuma shi da yake wannan maganar bai taɓa zana ta ba, digiri na biyu ya je yi can, hanyarsa daban ce.

Abin da ya ƙi tsayawa ya saurara shi ne yadda ake yin ta yanzu. Tun 2023 a ƙasashen da ba Amurka ba aka bar takarda da fensir, a kwamfuta ake yi, cikin manhajar Bluebook, tambaya 98 cikin awa biyu da minti 14. Kowane ɓangare zubi biyu ne, kuma yadda kika yi a zubin farko shi ke sa a ba ki na biyu mai wuya ko mai sauƙi. In aka ba ki mai sauƙin, ko kin cinye shi duka akwai inda makinki ba zai wuce ba. To ni a zubin farko na Turanci, tambaya 27 cikin minti 32, wadda ke gefena tari take yi ba ƙaƙƙautawa, sai in karanta layi sau biyu ban gane ba. Na ɗaga ido na ga agogon saman allo ya ce saura minti biyar, ga tambayoyi jibge. Na yi ta canke, tunda ba a rage maki don kuskure. Zubi na biyu na buɗewa na ga tambayoyin sun yi laushi, nan take gabana ya faɗi, na san an gama da ni a Turancin. A gwajin da nake yi a gida ban taɓa yin ƙasa haka ba, kuma Yaya ya sani, don ina tura masa hotunan.

Au, ban gaya miki ba ma, shi ya riga ni ganin sakamakon. Da adireshin imel ɗinsa aka buɗe min asusun, da katinsa aka biya. Ni ina zaune ina jira, ashe dangi sun riga sun ji.

Yanzu hujjata ita ce jami'o'i da yawa suna haɗa makin da ya fi daga zama daban-daban. Su ɗauki lissafin da ya fi kyau daga wannan zaman, Turancin da ya fi kyau daga wancan. Ke nan a wurinsu 720 ɗina yana nan a ajiye, Turancin kaɗai zan sa a gaba. Darussan shafin intanet na Khan Academy kyauta ne, gwajin Bluebook kyauta ne, ban nemi a ɗauko min malami ba. Kuɗin rajista kawai, wanda ga ɗalibin waje ya ɗan haura dala 100. Na san kuɗi ne, ban raina ba. Amma mutumin da ya canza mota bana?

Shi cewa yake in nemi jami'o'in da ba su tilasta a tura maki ba, ko in fara da kwalejin shekara biyu daga baya in koma jami'a. A baki da daɗi. Amma ni tallafin karatu nake nema, cikakke, don ba mu da halin biya, kuma jami'o'in da ke ɗaukar nauyin ɗalibin waje gaba ɗaya ba su da yawa. Cikinsu ma manyan sun dawo da sharaɗin jarrabawa, MIT tun 2022, Dartmouth da Brown da Harvard suka bi a 2024, kuma yawancin waɗanda suke ɗauka makinsu 1500 ne ko sama. Ba cewa nake lallai sai can ba. Amma ko a matsakaitan, akwai masu duba maki wajen rabon tallafi. In na ɓoye nawa, da me zan yi gogayya? Kuma ki lura, duk kwalejojin da ya turo min babu ko ɗaya a jihar da yake zaune. Ban ce komai ba, amma na lura. Tun da ya yi aure ya canza, kira ma sai Umma ta neme shi.

Malamina na lissafi, wanda zai rubuta min wasiƙar shaida, shi kuma wata magana ya kawo da ta ƙara rikita ni. Ya ce kowace jami'a tana wallafa tsakiyar makin ɗaliban da ta ɗauka, in duba, in 1310 ya faɗa ciki ko ya haura in tura abina, in ya gaza in bar shi a inda aka yarda da hakan. Ya ce neman gurbi na wuri, wanda galibi ake rufewa 1 ga Nuwamba, ya riga ya kufce min, abin da ya rage na farkon Janairu ne, kuma zaman Disamba shi ne kusan na ƙarshe da sakamakonsa zai iso a kan lokaci. Tsoronsa kada in ƙare makonnin nan a kan Turanci, rubutun bayanin kaina da sauran takardu su fito a gurguje. Ya ce ƙarin maki 30 ko 40 ba zai canza komai ba, sai in na tabbata zan ɗaga Turancin sosai. Ni kuma ina ji a jikina zan iya. Sai dai kuma in na tuna zan iya sake zama in fito da 590 ɗin nan, ko ƙasa, sai barci ya ƙaurace min. Da wane ido zan kalli zauren nan?

Kawuna, ƙanin Umma, ya kira ni a gefe ya ce zai biya, kada in damu. To amma asusun yana hannun Yaya, da na yi rajista zai gani. Kuma ko wace jami'a ce ta ɗauke ni, in tallafin bai cika ba sai an nuna shaidar kuɗi kafin su ba da takardar I-20 ta neman biza, kuma shi ne ya yi alkawarin tsaya min. Na san halinsa, in ya ji na je wurin Kawu zai ce na tona masa asiri a dangi, alhali shi ya fara tona nawa. Umma ba za ta tsawata masa ba, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Abba.

Anti, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na kawo miki. In karɓi kuɗin Kawu in yi rajista kafin kujeru su ƙare, don ana rufewa kamar mako biyu kafin ranar? Ko in fara kiran Yaya? In na kira shi me zan ce, haƙuri zan ba shi a kan abin da ban yi ba? Kuma ya dace Umma ta zuba ido yana yi min haka a gaban kowa?

Don Allah in za ki karanta a shirin kada ki faɗi sunana, matarsa tana sauraren ki ta intanet.

Taki,
'Yarki mai sauraro kullum