Mercedes SL 500 mai buɗaɗɗen rufi: daɗin tuƙinta da abubuwan da ke kwantar da ita

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan Mercedes-Benz SL 500 ƙirar R230, wadda aka ƙera a garin Bremen na Jamus daga 2001 zuwa 2011. Motar ta kwana biyu, kuɗinta ya sauko, yanzu tana faɗowa hannun matasanmu a matsayin 'yar Kwatano. Masu kallo suna cewa motar gayu ce kawai, masu saye kuma suna zaton tunda Marsandi ce za ta jure irin wahalar da tsohuwar 230 ta jure. Duka biyun sun yi kuskure. Daɗin tuƙin SL ya dogara ne a kan na'urori uku masu aiki da matsin mai, na rufi da na ƙafa da na birki, kuma su ukun ne ke kwantar da ita idan aka yi musu riƙon sakainar kashi.

Mu fara da gangar jiki. Rufin mota yana cikin abin da ke riƙe ta. Ka ɗauki kwali ka cire masa murfi ka murɗa shi, za ka ga yadda yake lanƙwasa. Haka mota take idan aka raba ta da rufi. Shi ya sa a wasu motocin masu buɗaɗɗen sama za ka ji sitiyari da gilashin gaba suna karkarwa da zarar an hau gargada. A SL an mayar da ƙarfin ƙasa: an ƙara kaurin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, an ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba, an ɗaure cikin motar da sanduna a gicciye. Don a rage nauyin da wannan ya jawo sai aka yi bonet da ƙofofi da murfin but da alminiyom. Duk da haka ta haura kilo 1,800. A bayan kujeru akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a kwance, wanda ke miƙewa cikin kashi 3 bisa 10 na daƙiƙa idan na'ura ta ji motar na shirin kifewa.

Rufin na ƙarfe ne, yana naɗewa ya shige but cikin daƙiƙa 16. Famfo ɗaya da ke cikin but ne ke tura mai zuwa silinda 11, kowace da lokacin da za ta motsa, kuma akwai ƙananan makunnai da ke shaida wa kwamfuta cewa wannan gaɓa ta gama kafin ta gaba ta fara. Makunni ɗaya ya ƙi, rufi ya tsaya a rabin hanya. Kafin a kira mai gyara a duba labulen da ke raba kaya da wurin kwanciyar rufi, domin idan ba a ja shi ya zauna daidai ba motar ba za ta buɗe ba, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Ainihin ciwon yana robobin cikin silinda, waɗanda zafi da shekaru ke busarwa. Silindar da ke kulle rufi a saman gilashin gaba takan riga sauran yoyo, sai a ga mai ya jiƙa yadin da aka shimfiɗa a cikin rufi a saman kan direba. Man rufin daban yake da na ƙafa, kada a haɗa su. A riƙa buɗewa da rufewa ko sau ɗaya a mako, lokacin hunturu kuma a goge ƙurar da ke taruwa a robobin gefe a shafa musu man roba, don ƙurar ce ke cinye su. A ganinmu rufin ƙarfe ya fi na yadi dacewa da ranar Kano ko ta Sakkwato, ko da yake shi kansa kamfanin ya koma rufin yadi a sabuwar SL da AMG, sashensa na motocin gudu, ta fitar a 2021 saboda rage nauyi.

Injin shi ne ɓangaren da ya fi kwantar da hankali. Na farkon, M113, mai silinda 8 ne, lita 5.0, ƙarfin doki 306. Kowace silinda tana da bawul 3 da fulogi 2, wato fulogi 16 ke nan ranar canji. Ƙarfin jansa yana cika tun daga juyi 2,700 a minti, don haka ba sai an ƙure totur ba kafin a wuce tirela. Taɓawa kaɗan ta isa. Tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 6.3, an kuma ƙayyade gudunta a 250. Yana son fetur mai lamba 95, idan ya sami ƙasa da haka kwamfuta za ta ja masa wuta baya, ƙarfi ya ragu. A cikin gari ka sa ran kusan lita 19 a kilomita 100. Laifinsa sananne ɗaya ne: ƙaramar na'urar da ke karanta juyin karanshaf. Idan ta fara mutuwa mota za ta tsaya da zarar inji ya yi zafi, ta ƙi tashi sai ya huce. Abu ne mai araha, amma an sha sauke famfon fetur lafiyayye saboda shi. Daga 2006 an sa inji mai lita 5.5 da doki 388, wanda a Amurka ake rubuta wa SL 550.

A kan hanya kuwa, kada wanda ya saye ta ya nemi zafin naman Porsche Boxster. Sitiyarinta mai laushi ne, ba ya gaya wa hannu komai da komai game da kwalta, nauyinta kuma yana bayyana a matsattsiyar kwana. Gwanintarta tana doguwar tafiya, inda za ta miƙe tsaf ba tangaɗi, ka ɗaga gilasan gefe da ragar tare iska ka yi hira da na kusa da kai rufi a buɗe. Da tayoyin baya take ja, saboda haka a bar na'urar hana santsi a kunne, musamman inda yashi ya hau kwalta.

Abin da ya fi ba mu sha'awa, kuma ya fi cin kuɗi, shi ne tsarin ƙafar da ake kira ABC. Kowace taya tana da sifirin na ƙarfe da shokozoba kamar kowace mota, amma a saman sifirin ɗin akwai silindar mai da ke danna shi ko ta sassauta masa. Famfon da bel ɗin inji ke juyawa yana tara matsi kusan 200 a ma'aunin matsi na bar. Iskar taya ba ta kai 3 a wannan ma'auni ba. Idan ka shiga kwanar hagu, kwamfuta tana tura mai zuwa ƙafafun dama tun jiki bai gama karkata ba. Ka taka birki da ƙarfi, hanci ba ya nutsewa. Saboda haka ba a ma sa mata sandar hana karkata ba, kuma akwai maɓallin ɗaga ta kaɗan idan an zo tudun rage gudu.

Lalacewarsa a jere take zuwa. Man tsarin, CHF 11S, kore ne shar idan yana sabo. Idan ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, datti ya fara cin robobin akwatin bawul, alamar kuma ita ce a wayi gari kusurwa ɗaya ta zauna. Sai kuma ƙwallayen da ke ɗauke da iskar naitirojin, masu shanye bugun matsi. Fatar cikinsu takan fashe da tsufa, daga nan duk ramin da aka faɗa bugunsa a kan tiyo da famfo yake saukewa. Za a ga gargaɗi ya haska a dashbod daidai lokacin faɗawa ramin, ko mai ya yi ambaliya ta bakin tankinsa. Wanda ya canza ƙwallayen a wannan mataki ya tsira da famfonsa, wanda ya yi biris zai sayi duka. Shawararmu a canza mai da matatarsa duk kilomita 40,000, kuma kada a kuskura a zuba jan man giya ko na sitiyarin wata mota don an ga kan sandar awo ya yi ƙasa. Idan ƙafa ta zube har taya na gogar jiki, a ɗora motar a kan wata, kada a ja ta. Wasu suna cire tsarin gaba ɗaya su sa sifirin zalla. Ana yi, amma sai an haɗa da sandunan hana karkata irin na SL 350, in ba haka ba an mayar da ita mai haɗari a kwana. Mu dai muna ganin wanda ya cire ABC ya zubar da rabin abin da ya biya kuɗi dominsa.

Birkinta ma, SBC, ba irin wanda aka saba ba ne. Ƙafarka saƙo take aikawa, famfon lantarki ne ke matse kowace taya gwargwadon buƙatarta. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya, yana matso da fad kusa da faifai tun kafin ka taka, a cikin ruwan sama kuma yana ɗan shafar faifan don ya bushe. Famfon yana ƙirga aikinsa, idan ya kai iyaka sai ya nuna gargaɗi. Goge ƙirgen da kwamfuta ba tare da duba famfon ba ganganci ne da rai, domin idan tsarin ya mutu tayoyin gaba kaɗai ke kamawa, su ma sai da ƙarfin cinya. Kamfanin da kansa ya kira motoci masu wannan birki domin gyara a 2004 da 2005. Ga 'yan'uwanmu makanikai: a kashe SBC kafin a zare fad. Buɗe ƙofa kawai yana iya tayar da shi ya turo fistin, yatsa kuma ba ya jure wannan matsi. Man birki a sabunta shi duk shekara 2.

Batir biyu gare ta, na tayar da inji a gaba, na sauran kayan lantarki a but. Na but ɗin in ya yi sanyi gargaɗi iri-iri za su cika dashbod, don haka shi ake fara aunawa. But ɗin kuma yana shan ruwa da damina ta robobin gefen gilashin baya, ruwan ya gangara ya kashe famfon iskar da ke kulle ƙofofi.

Mai niyyar saye ya je wurin motar da sassafe, bayan ta kwana ba a tayar da ita ba, ya auna tsayin kusurwoyi huɗu daga ƙasa zuwa bakin mudugad. Ya zaro sandar man ABC ya goga a farin ƙyalle ya ga launi. Ya buɗe rufi ya rufe sau uku a jere yana duba agogo, ya ɗaga shimfiɗar but ya taɓa ƙasan ko da danshi, sannan a jona kwamfutar Mercedes a karanta abin da SBC ya ajiye. Dillalin da ya ƙi yarda a yi waɗannan, a bar masa motarsa.

Wassalam.

Naku,
Wasu makanikan motocin Jamus, Kano