Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Gidaje: Ina Aka Kwana Kan Ƙa'idar Gini Ta 2017?

Mai girma Minista, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a wannan kujera. Ni mai sana'ar gini ne a Kano, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A shekarar 2017, lokacin Babatunde Fashola yana ministan wuta da ayyuka da gidaje, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini mai rage zafi da shan wutar lantarki, wanda aka tsara da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Ka san shi, domin ma'aikatarka ce ta gaje shi. Abin da ke cikinsa bai fi ƙarfin kowane birkila ba. Ya ce kada gilashin taga ya wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi masa inuwa. Ya ce dole a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Ya ƙayyade wutar fitilu, wat 6 a kowace murabba'in mita a gidan zama, wat 8 a ofis. Ya ce in za a sa na'urar sanyaya ɗaki, a sa mai inbata wadda ba ta zuƙar wuta. Waɗanda suka tsara shi sun ƙiyasta cewa ginin da ya bi wannan zai rage shan wuta da kusan kashi 40 cikin ɗari. An yi taro, an raba littafin, an ce bayan ɗan lokaci na gwaji zai zama wajibi. To ranka ya daɗe, daga 2017 zuwa yau, gida nawa gwamnati ta gina da hannunta ta bi wannan ƙa'ida? Wannan ita ce tambayata, kuma ita kaɗai ta kawo ni.

Ina so ka shiga ɗakin talaka a watan Afrilu, da ƙarfe uku na rana. Bangon bulo ne na siminti mai inci shida, rufin kwano, silin na roba siriri in ma akwai shi, taga ɗaya tana kallon yamma. Kwanon da ke samansa yana iya wuce digiri 60 a tsakar rana, kuma babu abin da ya raba shi da kan mutanen ɗakin sai wannan siririyar robar. In an kawo wuta aka kunna fanka, iskar da take kaɗowa daga sama mai zafi ce. Abin da ya fi ciwo shi ne dare. Ka dafa bangon yamma da ƙarfe goma sha ɗaya, za ka ji shi da ɗumi har a tafin hannunka, domin zafin da siminti ya sha da rana sai dare yake amayar da shi cikin ɗaki. Shi ya sa maigida yake fitar da tabarma ƙofar gida, matar gida tana yayyafa ruwa a tsakar gida tana jiƙa zani tana lulluɓa wa jariri, wuyan yaron duk ƙurajen zafi. Tsoho mai hawan jini da mace mai tsohon ciki su ne suke biyan kuɗin wannan gini da lafiyarsu. Ɗakin nan ya zama tanda, kuma mu magina mu ne muke gina shi kullum, saboda shi ne zanen da ake ba mu, shi ne kuma zanen da ake sa wa hannu a ofis.

Ba mu manta da azumin 2024 ba. A ranar 3 ga Afrilun shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan. Masana yanayi da suka bi diddigin lamarin sun ce da ba don ɗumamar duniya ba, da irin wannan zafi bai auku ba, kuma zai riƙa dawowa. Sakkwato da Maiduguri da Yola da Nguru duk a wannan yanki na Sahel suke, kowace bazara hukumar NiMet tana fitar da gargaɗin zafi a kansu. Gidan da aka aza harsashinsa bana, jikokin mai shi za su kwana a ciki nan da shekara hamsin, lokacin da bazara ta fi ta yau tsanani. Kuskuren da aka yi a rufi yau, tsawon wannan lokacin za a yi ana shan wahalarsa.

Wani zai ce ai sai a sa na'urar sanyi. Da wace wutar? A wannan watan na Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Wanda ba ya rukunin A kuwa, wutar ma ba ya ganin ta sai jefi-jefi. A watan Oktoban shekarar, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Janareto kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama sai wane da wane. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta, a ƙasar da wutar ba ta zama, an cuci wanda aka sayar wa.

Na san amsar da ake bayarwa. Za a ce izinin gini na jihohi ne, Kotun Ƙoli ta yanke haka tun 2003 a shari'ar Legas da Gwamnatin Tarayya, don haka sai kowace jiha ta karɓi kundin ta mayar da shi dokarta. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ranka ya daɗe, gidajen da ma'aikatarka take ginawa da kuɗin gwamnati, izinin wa kake jira kafin ka sa abin tare zafi a rufinsu? A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja. An ware gidaje 250 a kowace ɗaya daga jihohi 12, cikinsu har da Katsina da Sakkwato da Yobe da Gombe, ga kuma babban rukunin Kano. Zanen naku ne, 'yan kwangilar ku kuka ɗauka, takardar biya ku kuke sa wa hannu. Babu gwamnan da zai hana ku rubuta layi ɗaya a takardar kwangila cewa ba za a biya kuɗin rufi ba sai injiniya ya hau ya ga abin tare zafi da idonsa.

Ma'aikatarka ta kuma sanar da cewa za ta yi aiki da tsarin EDGE na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wanda ba ya ba gini shaida sai ya rage wuta da ruwa da makamashin da aka kashe wajen haɗa kayan gini da aƙalla kashi 20 cikin ɗari kowannensu. Mun ji, mun yi murna. Amma mai wucewa ta titi abin da yake hangowa shi ne bulon siminti da kwano a jere, kamar yadda aka saba tun gidajen Shagari. In akwai abin da ke ƙarƙashin kwanon nan da ido ba ya gani, a nuna mana. In an samu shaidar, a manna ta a ƙofar kowane rukuni, mai saye ya karanta kafin ya ci bashin shekara talatin a Bankin Lamunin Gidaje. Gani ya kori ji.

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne yawancin gyaran nan ba kuɗi yake ci ba, tunani yake ci tun a kan takarda. A juya gida dogon gefensa ya kalli kudu da arewa, bangon gabas da na yamma su zama gajeru marasa manyan tagogi: wannan kyauta ne. A sa taga biyu suna kallon juna iska ta ratsa. A ɗaga silin, a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin rufi zafi ya riƙa fita. A fito da bakin rufi ya yi wa bango inuwa, a yi baranda. A zaɓi kwano fari ko mai haske maimakon baƙi da ruwan ƙasa da ake yayi yanzu, tunda kuɗinsu kusan ɗaya ne amma zafinsu ba ɗaya ba. A birnin Ahmedabad na Indiya, shafa farin fenti a rufin gidajen talakawa yana cikin shirin hukuma na yaƙi da zafi, kuma ɗakunan suna yin sauƙi. A bar darbejiya da aka tarar a fili, a daina share fuloti ƙaf a malale shi da siminti. Abin tare zafin ne kawai zai ƙara kuɗi, shi ma in aka kwatanta da abin da ake kashewa a tayil da adon silin da dogon rufin ƙawa, bai taka kara ya karya ba.

Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa shiga soron Gidan Makama da rana ya san sanyin da nake nufi. Kakanninmu sun yi gini da tubali, bango mai kauri a ƙasa yana sirancewa a sama, rufin azara da ƙasa, ƙananan tagogi can sama, zaure da tsakar gida da inuwar bishiya. Kaurin bangon yana riƙe zafin rana ya hana shi shiga sai dare ya raba. Sun san makuba da katsi da laso don kare bango daga ruwa, sun san indararo. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen 1830 da wannan fasaha. Ba ina cewa a koma jiya ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, giginyar da ake samun azara ta yi ƙaranci, damina kuma ta sauya hali: a watan Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram, ya kwantar da gidajen ƙasa masu yawa a Nijar da Arewa. Maganin wannan ma an san shi. Harsashi na dutse da siminti da ya ɗago sama da ƙasa, rufi mai faɗin baki, da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a zuba masa ɗan siminti kaɗan.

Maƙwabtanmu sun riga sun gwada. Mai zanen gini 'yar Nijar Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina rukunin gidaje mai suna Niamey 2000 da irin wannan bulo a Yamai, ta kuma yi masallaci da ɗakin karatu na Hikma a garin Dandaji cikin jihar Tawa, inda magina na gari suka yi aikin. Francis Kéré na Burkina Faso ya fara da makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001, bulon ƙasa da rufin da aka ɗaga sama iska tana wucewa, a 2022 ya karɓi lambar Pritzker, wadda babu kamarta a fannin zanen gini. A nan gida cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI ta daɗe da ƙera injin matse bulon ƙasa. Siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, jar ƙasa kuwa tana ƙarƙashin ƙafarmu. Mutane suna gudun ta ne saboda an ɗauke ta alamar talauci, kuma ba abin da zai goge wannan tunani kamar a ga gwamnati ta gina rukuni guda da ita, ma'aikata masu albashi suna rububin saye. Cikin gidaje 250 na Katsina ko na Yobe, da an ware ko 20 an yi su haka, aka sa ma'aunin zafi a cikinsu da cikin na siminti, aka buga sakamakon, da yanzu mun daina gardama.

Akwai maganar ambaliya, bayan abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da Mokwa a Mayun 2025, da yadda ake yanka fulotai a kan hanyar ruwa. Akwai cibiyoyin haɗa kayan gini da aka yi alƙawarin kafawa a shiyyoyi shida. Akwai horar da birkiloli da kafintoci, domin ƙa'idar da mai riƙe da cokalin gini bai taɓa jin ta da harshensa ba, ba za ta hau bango ba. Duk suna nan, amma ba zan raba hankalinka ba.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, ka dubi mutanen da za su kwana a ɗakunan nan. Malamin makaranta ne, ma'aikaciyar jinya ce, ɗan sanda ne da aka yi shekaru ana cire masa kashi biyu da rabi na albashi zuwa asusun gidaje. Ba su da kuɗin sola mai ɗaukar na'urar sanyi, ba su da wani gidan da za su gudu in bazara ta yi tsanani. Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta kai ga daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ta kuma yi dokar sauyin yanayi a shekarar. Gidajen da za su tsaya har 2060 su ne waɗanda ake ɗora wa kwano a yanzu.

Abin da nake nema a hannunka yake. Ka ba da umarni a rubuce cewa duk gidan da ma'aikatarka ko Hukumar Gidaje ta Tarayya za ta gina, da duk rukunin da Bankin Lamunin Gidaje zai ba wa rance, sai ya cika ƙa'idar 2017, kuma a hana biyan ɗan kwangilar da ya tsallake ta. Waɗanda aka riga aka rufa ba tare da abin tare zafi ba, a buɗe silin a sa kafin a miƙa makulli. Sannan in Majalisar Ƙasa kan Gidaje da Filaye ta zauna taronta na shekara, ka ajiye wa kwamishinonin jihohi sakamakon gidajenka a gabansu, ka nemi kowannensu ya faɗi watan da jiharsa za ta karɓi kundin. Muna so mu ga wannan umarni kafin bazara mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
Wani magini daga Kano