Rahoton Ayyukan Shekarar 2022: Lambun Ƙungiya da Itatuwan Guzberi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa membobi, barkanmu da ganin sabuwar shekara. Ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu lambu ta gudanar daga Janairu zuwa Disamban 2022 a filin da muke haya hannun ƙaramar hukuma a nan yammacin Yorkshire da ke Ingila. Lissafin kuɗi yana wurin ma'aji, shi zai karanta shi a taro. Mafi yawan rahoton nan zai tsaya ne kan guzberi, domin shi ne ya fi cin lokacinmu a shekarar, kuma a kansa kwamiti yake neman amincewarku.

Sauran amfanin lambu dai alhamdu lillahi. Albasa da dankalin Turawa da kabewa sun yi kyau. Alayyafo da yakuwa da muka shuka a rumfar leda sun ji daɗin zafin shekarar fiye da komai, har aka raba wa gidajen da ba su da fili. Guguwar da aka yi a jere cikin watan Fabrairu, musamman wadda aka kira Eunice, ta yage gefen rumfar, matasanmu suka gyara kafin lokacin shuka. Allah ya saka musu da alheri.

Irin da muke da su

Ga sababbin membobi da ba su san shi ba, guzberi ɗan guntun itace ne mai ƙaya wanda tsayinsa bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Yana zubar da ganye a lokacin sanyi, ya yi fure a Afrilu, 'ya'yansa su nuna a Yuli. Ɗanyensa yana da tsami kamar tsamiya, in ya nuna kuma ya yi zaƙi. Iri uku ne a filinmu. Akwai tsofaffin itatuwan Whinham's Industry da muka tarar a wurin, irin da Robert Whinham ya fitar a garin Morpeth na arewacin Ingila tun ƙarni na 19. Akwai Invicta mai koren 'ya'ya, wanda cibiyar binciken noma ta East Malling da ke Kent ta fitar. Yana zuba 'ya'ya sosai, amma ƙayarsa ba ta da sauƙi, duk wanda ya tsinke shi ba safar hannu ya shaida. Na ukun shi ne Hinnonmäki ja, ɗan ƙasar Finland, wanda muka dasa shekarun baya don gwaji.

Wannan na ukun shi ne ya fi gamsar da kwamiti. An fitar da shi ne a ƙasar da sanyinta ya ninka namu na nan, saboda haka hunturun Yorkshire ba ya tayar masa da hankali. 'Ya'yansa ba su kai na Invicta girma ba, amma idan suka yi ja wur ana cin su haka nan daga reshe, bawon da ɗan tsami, cikin da zaƙi, yara ma suna so. Babban abin da ya fifita shi kuwa shi ne juriyar farar fumfunar nan da take lulluɓe sabon toho da 'ya'ya, daga baya ta rikiɗe ta koma ruwan ƙasa. Cutar daga Amurka ta shigo, an fara ganinta a Ireland a 1900, ta bazu a Turai ta lalata gonakin guzberi masu yawa. Tsofaffin iri irin su Whinham's Industry an fitar da su tun kafin zuwanta, shi ya sa ba su da kariya. A watan Yuni mun ga hakan da idonmu: tsofaffin itatuwan suka yi fari fat a kan tohonsu, Hinnonmäki da ke layi ɗaya da su ko ɗigo bai nuna ba.

Yadda shekarar ta tafi

Askin rassa mun yi shi ne a ƙarshen Fabrairu. Da gangan muke jinkirtawa, saboda akwai tsuntsayen da suke cinye idon toho a lokacin sanyi, kuma cunkoson ƙaya yana ɗan hana su shiga. Tsarin da muke bi shi ne a bar itacen a kan gajeriyar ƙafa ta kamar santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, a buɗe tsakiyarsa, a cire reshen da ya mutu, da wanda ya gitta wani, da wanda yake jan ƙasa. Buɗe tsakiyar nan ita ce rabin maganin fumfuna, don iska na ratsawa ganye ya bushe da wuri. Tsinka ma ya fi sauƙi. Bayan aski aka barbaɗa takin fotash, kimanin giram 15 a kowace murabba'in mita, aka shimfiɗa ruɓaɓɓen taki a gindi ba tare da ya taɓa jikin itacen ba. Guzberi yana son fotash. Idan ya rasa, gefen ganyensa yakan ƙone. Taki mai yawan naitirojin kuma, irin kashin kaji, ba ma lafta masa, domin toho mai laushi yake haifarwa, shi kuwa fumfuna take nema.

Furen ya zo daidai da azumi, wanda aka fara 2 ga Afrilu. Guzberi ba ya buƙatar wani itacen kusa kafin ya yi 'ya'ya, amma furensa yana fitowa da wuri, kuma raɓa mai daskarewa tana iya ƙona shi a dare ɗaya ko da itacen kansa bai ji komai ba. A dararen da hasashen yanayi ya nuna haɗari, 'yan uwa biyu da ke zaune kusa da filin sun riƙa zuwa bayan buɗa baki suna rufe itatuwan da farin ƙyalle, da safe a yaye don ƙudan zuma su samu shiga. Wannan hidima ce ta tsirar mana da amfanin shekarar.

Inda muka yi asara shi ne wajen tsutsa. Akwai wani ɗan ƙwaro da yake saka ƙwai a bayan ganye, can ƙasa a tsakiyar itacen inda ido ba ya kai wa. Tsutsarsa koriya ce mai ɗigo-ɗigon baƙi, daga ciki take fara ci tana fitowa waje, kafin mai wucewa ya lura ta bar jijiyar ganye kawai. Tana iya dawowa har zubi uku tsakanin ƙarshen Afrilu da Satumba. A makon ƙaramar Sallah, wadda aka yi 2 ga Mayu, kowa yana hidimar gida da ziyara, filin ya zauna babu mai leƙawa, zubin farko ya tsige wasu itatuwan tas, har da Hinnonmäki. A nan ne nake son 'yan uwa su tsaya su duba da kyau. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka tunda an ce irin mai juriya ne, to ya gama da kowace matsala. Juriyarsa ta sanyi ce da fumfuna. Tsutsa ba ta bambance ɗan Finland da ɗan Morpeth, kuma itacen da aka tsige wa ganye a Mayu, ko bai mutu ba, 'ya'yansa na shekarar da ta biyo baya sukan ragu. Maganin ba ya cin ko kwabo: a durƙusa, a ɗaga rassan ƙasa, a duba bayan ganye, a tsince tsutsar da hannu ko a cire ganyen da ke da ƙwai. Da muka tsara juyin dubawa sau biyu a mako, zubi na biyu da na uku ba su yi mana ɓarna ba.

A farkon Yuni aka rage 'ya'ya, a tsinke ɗaya a bar ɗaya, don waɗanda suka saura su yi girma. Ɗanyun da aka cire ba a zubar ba. Iyayenmu mata sun dafa su da sukari sun yi jam, wasu sun tace ruwansu sun tsamama kunu da shi, wasu kuma sun haɗa da zoɓo. A ƙarshen watan aka datse sababbin rassan gefe aka bar ganye biyar-biyar, sannan aka lulluɓa raga saboda tsuntsaye. Roƙonmu a nan shi ne duk wanda ya ɗaga raga ya mayar da ita a ɗame, ya danne bakinta, don tsuntsu yakan sarƙe a raga mai sako-sako, kuma ba mu da hujjar cutar da shi.

Invicta ya nuna gab da babbar Sallah, 9 ga Yuli, aka tsinka aka raba wa gidaje. Kamar yadda kuka sani, ƙa'idar filayen haya irin namu ita ce amfanin na ci ne a gida, ba na kasuwa ba, don haka ba a sayar da komai ba.

Sai zafin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Ranar 19 ga Yuli ma'aunin zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, karo na farko da aka haura 40 a Birtaniya. Mu da muka taso a Kano ko Sakkwato ko Damagaram mun san irin wannan rana, amma guzberi bai san ta ba. 'Ya'yan Hinnonmäki da muka bari su ƙarasa nuna, waɗanda ke fuskantar rana sun dahu a kan reshe, suka yi laushi suka zube. Na cikin inuwar ganye ne suka tsira. Itatuwan da tsutsa ta tsige a Mayu su suka fi shan wahala, tunda ba su da isasshen ganyen da zai kare 'ya'yan. Saiwar guzberi ba ta nitsa can ƙasa, saboda haka fari yana kama shi da wuri, kuma idan ƙasa ta bushe ƙamas sannan aka kwarara ruwa lokaci guda, 'ya'yan sukan tsage. Daga 26 ga Agusta zuwa 6 ga Disamba aka hana ban ruwa da tiyo a yankinmu, muka koma ga bokiti da ruwan saman da muka tara a ganguna. Itatuwan da aka yi wa shimfiɗar taki mai kauri a gindi sun riƙe danshi, ganyensu ya kai kaka. Wasu ƙananan da aka dasa a hunturun da ya gabata, waɗanda shimfiɗar ba ta kai gare su ba, sun bushe.

A Oktoba aka yanki sababbin rassan shekarar masu ƙwari daga jikin Hinnonmäki, tsawon kamar santimita 30, aka kafa su a ƙasa mai yashi a gefen rumfa. Waɗanda suka yi saiwa za su isa dashe a kaka mai zuwa in sha Allah. Sanyin Disamba kuma, wanda ya kai digiri 17.3 ƙasa da sifili a Braemar ta Sikotlan, ya kashe mana wasu tsirrai a rumfar leda, amma da muka zagaya guzberi bayan ƙanƙara ta narke, idon tohonsu lafiya lau.

'Yan uwa da dama sun tambaya ko za a iya kai reshen gida a dasa. Shawarar kwamiti ita ce kada a wahala. Itacen yana buƙatar dogon sanyi na watanni kafin ya farka ya yi fure, abin da ko hunturun Jos ba ya bayarwa, ga kuma dokokin shiga da tsirrai daga ƙasa zuwa ƙasa.

Abin da kwamiti ke nema a 2023

Muna neman amincewarku a cire tsofaffin Whinham's Industry da suka fi kamuwa da cuta, a bar guda biyu mafiya lafiya a ƙarshen fili inda iska ke kaɗawa, a maye sauran da Hinnonmäki ja, da tazarar mita ɗaya da rabi tsakani. Dashen itacen da ba ya cikin tukunya daga Nuwamba ne zuwa Maris, idan ƙasa ba ta daskare ba kuma ba ta jiƙe sharkaf ba, don haka lokaci ya fara ƙurewa. Muna kuma neman a ƙara gangunan tara ruwa a jikin rumfa da ɗakin ajiya. Juyin duba tsutsa zai fara tsakiyar Afrilu. Ana sa ran ƙaramar Sallah za ta faɗo wajen 21 ga watan, saboda haka muna son a samu masu ɗaukar wannan makon tun yanzu, a rubuta sunayensu.

Akwai kuma shawarar ziyara. A ƙarni na 19 masaƙa da sauran ma'aikata a Lancashire da Cheshire da nan Yorkshire suna da ƙungiyoyin gasar guzberi, inda ake auna ƙwaya ɗaya a ga ta wa ta fi nauyi. A shekarun 1840 irin waɗannan gasa sun haura 150. Kaɗan ne suka rage. Ta ƙauyen Egton Bridge kusa da Whitby, wadda aka kafa a 1800, har yanzu tana yin tata a Talatar farko ta Agusta, kuma a can ne Graeme Watson ya kawo ƙwaya mai nauyin giram 64.83 a 2019. Irinmu ba na wannan gasa ba ne, amma mutanen sun san aski da ban ruwa da kare 'ya'ya daga rana fiye da mu, kuma abin da ya same mu a Yuli ya isa dalilin zuwa a tambaye su. Talatar za ta kama 1 ga Agusta. Mai sha'awar tafiya ya sanar da ma'aji a taro don a san girman motar da za a ɗauka.

Ranar askin bana ita ce Asabar ta ƙarshen Fabrairu, da hantsi. A zo da safar hannu mai kauri da almakashin lambu. Wanda ba shi da su, akwai na ƙungiya a ɗakin ajiya.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti
Janairu 2023