A saurari masunta kafin a buɗe ƙofofin madatsa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne kan rahotannin ƙaddamar da babbar madatsar ruwa ta Habasha da ke kan kogin Bulu Nil a watan Satumba 2025. An yi ta maganar lantarki da rabon ruwa tsakanin Sudan, Masar da Habasha, amma ban ji an ambaci masunta ba. Ko yarjejeniyar da ƙasashen uku suka sa wa hannu a Khartum a 2015, tsakanin gwamnatoci ta tsaya.

Mu da ke bakin Bulu Nil a Sudan, ƙasa da madatsar, daga Rusairis zuwa Sennar, mun san cewa da cikowar damina kifi ke hayayyafa. Ruwa ya hau cikin ciyawar gaɓa, ƙarfasa da tarwaɗa su shiga su zuba ƙwai. In aka riƙe ruwan a sama, ciyawar ta bushe. In aka sake shi babu sanarwa, masunci ya wayi gari ruwa ya tafi da komarsa, wadda wataƙila bashi ya ci ya saya. Injiniya yana da ma'auninsa, ban raina shi ba, amma dattijon masunci a garinmu Mai Wurno ya fi shi sanin inda kifi ke kwana.

Shawarata ita ce kowace mashayar masunta ta zaɓi wakilinta, har da mata masu banda kifi, a ba su kujera wajen tsara lokacin sakin ruwa da watannin hana kamun kifi. Sannan a riƙa sanar da buɗe ƙofofi ta rediyo kwanaki kafin lokaci, da Larabci da Hausa.

Naka,
Wani masunci, Mai Wurno, Jihar Sennar