A Riƙa Gyara Giyabos ɗin Sitiyari Yadda Ya Kamata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin direbobi da kanikawan Katsina kan giyabos ɗin sitiyari mai aiki da mai, wato akwatin da ke isar da juyin sitiyari zuwa ƙafafun gaba, musamman na a-kori-kura da manyan motocin da ke jigilar kaya tsakanin Katsina, Daura da Jibiya.

Idan sitiyari ya fara wasa ko kuka lokacin shan kwana, abin da wasu suke yi shi ne su ɗaure ƙusar da ke saman giyabos ɗin tamau, su ƙara mai, su sallami mai mota. Wannan ɗaurin yana hana sitiyari komawa daidai bayan kwana, kuma yana cinye haƙoran ciki. Mafi muni shi ne zuba man birki a maimakon man sitiyari, domin yana kumbura robobin da ke tsare mai, har yoyo ya ƙaru.

Gyara na gaskiya shi ne a kwance giyabos ɗin gaba ɗaya a wuri mai tsabta, domin ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta lalata aikin, a wanke, a ƙirga ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, a sauya robobi da boris, sannan a zubar da tsohon mai a duba famfon man sitiyari da tiyo. Mai son inganci ya sa matatar mai a tiyon da ke mayar da mai, kuma kada ya hau titi sai an saita ƙafafun gaba.

Ina kira ga ƙungiyar kanikawa da ta koyar da yaran gareji wannan aiki.

Naka,
Wani direba,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.